Igiyar Yaya

Talata, da azahar

Zafin nan ya wuce wasa. Tun safe ake sauke min firji a ƙofar shago, kowane mai shi yana rantsuwa jiya lafiya ƙalau yake. Duk ciwonsu ɗaya, kwamfiresa, injin sanyin, ta gaji. Mutum ya manna firji a jikin bango, ya cika shi maƙil da ruwa, yara suna buɗewa suna rufewa yini guda, sannan ya zo yana harara ta kamar ni na kunna ranar.

Yaya ya bugo waya ina tsakiyar walda. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Direba, ka shirya motarka?" Haka yake kira na tun da na fara yi masa jagora a gudu. Shi ne motar, ni ne direban, kuma wai direban ne ya tsufa. Na ce masa rediyo ta ce zafin ranar Lahadi zai fi na yau. Ya ce shi ba ya ganin rana, don haka ita ma ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ya yi dariyarsa ya kashe wayar.

Ranar Lahadin ne babban gudun famfalaki na birnin nan, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai. Mun yi na wasu garuruwa, amma na gida bai taɓa yiwuwa ba. Bara gwiwata ce ta hana, bara waccan rasuwar Baba. Yaya ya ce daga wannan ya rataye takalmi, shekaru sun ja. Na san ba lambar yabo yake nema ba. Hanyar tana bi ta kan babbar gada, wadda yake hayewa kullum a kan keke kafin hawan jinin ido ya rufe masa gani. So yake ya haye ta da ƙafarsa, ni kuma in gaya masa yadda ruwan kogin yake.

Laraba, bayan asuba

Mun yi ɗan zagaye a filin makarantar makafi inda yake koyar da lissafi. Gari bai gama wayewa ba amma riga ta jiƙe sharkaf.

Bari in rubuta yadda muke yi, tunda Koci, tsohon ɗan gudun da ke horar da mu, ya dame ni in koya wa wani. Igiya ce gajeriya, ba ta wuce kamu ɗaya ba, da madauki a kowane baki. Anti, matar Yaya, ita ta ɗinka ta daga madaurin wata tsohuwar jaka shuɗiya. Hannunsa na dama, hannuna na hagu. Ba na jan sa, dokar gudu ta hana, shi ma ya hana. Idona kullum a ƙasa yake, can gabanmu kaɗan: rami, dutse, ɓawon ayaba, kofin da wani ya yar. Tudu, Yaya. Hagu kaɗan. Ruwa a gaba, miƙo hannu. Idan numfashi ya yi tsada sai mu bar baki ya huta. In fizgi igiyar sau biyu, tambaya ke nan, lafiya? Shi ma ya fizga sau biyu, lafiya. Idan yana so mu tsaya, ja ɗaya ne mai tsawo. Wannan kam labarinsa kawai muke ji. Shekara da shekaru bai taɓa ja ba, kuma duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya sha wannan alfaharin tare da shayin.

Akwai doka ta biyu, tamu ce mu kaɗai. A gudunmu na farko na yi suɓul da baka na ce, ga wani can ya faɗi yana amai. Nan take ƙafafunsa suka mutu. Bai ja igiya ba, zama kawai ya yi a gefen titi, muka ƙarasa a motar da ke kwashe waɗanda suka gaza. Sati guda bai kula ni ba. Da ya huce ya ce in riƙa gaya masa abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa da abin da zai faranta masa rai, sauran in riƙe kayana. Tun daga ranar, a hanyar Yaya kowa murmushi yake yi, jama'a shi suke yi wa tafi, kuma kullum mu ne muke wuce mutane.

Alhamis, da magariba

Wuta ta ɗauke tun rana. Na kwanta a kan siminti, shi ma da ɗuminsa.

Juma'a, da yamma

Mun je karɓar lambobin ƙirji. Wani ƙaton zaure ne, mutane dankam, kowa da gorar ruwa a hannu. Wata mata ta hau kan tebur da lasifika tana bayanin tutocin da za a riƙa ɗagawa a hanya saboda zafi. Koriya, a ci gaba. Ja, a rage gudu. Baƙa, gudu ya ƙare, kowa ya koma tafiya ko ya shiga mota. Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Direba, ka ji naka aikin, ni duk tutocin baƙaƙe ne a wurina." Zauren ya kwashe da dariya, har matar.

Koci ya ja ni gefe ya ce ya cire rabin mutanensa, ya kamata mu ma mu haƙura sai baɗi. Na ce ga shi nan tsaye, je ka gaya masa da kanka. Ya je. Yaya ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaye shi yaya ciwon bayan maiɗakinsa.

A gidansu na ci abinci. Anti tana ta auna gishiri da sukari cikin gorori, tana ɗanɗanawa tana yamutse fuska. Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Auta, kai ne idonsa. In ka ga abin da bai yi maka ba ka tsayar da shi, ko da zai yi wata bai kula ka ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, ba yau na fara tuƙi ba.

Asabar, da la'asar

Na leƙa Umma. Ta ce ita har yau ba ta gane ba, manyan mutane biyu da furfura a gemu su kama gudu ba wanda ya biyo su. Ta tambaya ko ana ba da wani abu. Na ce ƙarfe ne da zare a rataya a wuya. Ta ce Allah ya shirye mu, ta kuma yi mana addu'a mai tsawo, ta ce in kula da yayana.

Na manna masa lamba a riga, na duba takalmansa, na sa igiyar a aljihun wandona don kada in manta.

Lahadi, bayan magariba

Asibiti. Takalman gudu har yanzu suna ƙafata.

Litinin, da hantsi

Yaya bai farka ba.

Yana ɗakin kulawa ta musamman, a hawa na biyu. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma na ɗan lokaci, sai ya wanke hannu ya sa wata riga ta leda. Mu sauran muna kan bencin ƙarfe a baranda, ƙarƙashin fanka ɗaya da ke juya iska mai zafi daga wannan kai zuwa wancan. Jiya barandar cike take da masu gajeren wando da lamba a ƙirji. Yau yawancinsu an sallame su bayan ƙarin ruwa.

Likitar mace ce, siririya, ba ta kwana-kwana. Ta ce zafi ya dafa jikinsa daga ciki. Ƙodarsa ta tsaya. Na'ura ce ke yi masa numfashi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba za a sani ba sai an janye maganin barci an ga ko zai dawo. Ta ce da ba a tsoma shi cikin ƙanƙara a tantin bakin hanya ba, da ba ma wannan maganar.

Da lokacin shigata ya yi na ce Anti ta ƙara da nawa.

Talata, da safe

Umma ta tambaye ni me ya faru. Na ce zafi ne.

Ta ce ai kai ma a cikin zafin kake. Na ce jiki ba ɗaya ba ne. Ta dube ni, ta ci gaba da jan carbinta.

Laraba, da azahar

Duk motar asibitin da ta shigo da jiniya sai in toshe kunnuwana. Ƙofar masu gaggawa tana ƙarƙashin barandarmu, ba yadda zan kauce.

Alhamis, da la'asar

Na buɗe shago don Anti ta ce zamana a benci ba ya ƙara wa kowa lafiya. Firjin mutane sun taru har kan titi.

Wani mai sayar da ruwan sanyi ya kawo nasa, wai yana yi yana ɗaukewa. Na nuna masa ɗan abin nan da ke manne a jikin kwamfiresa, kamar murfin kwalba, wanda ke yanke wuta idan ta yi zafi da yawa. Na ce lafiyarsa lau, aikinsa yake yi, ka bar firjin ya huta ya sha iska. Ya ce shi ciniki yake yi, in cire abin in haɗa masa waya kai tsaye, wani ya taɓa yi masa a tsohon firjinsa. Na tambaye shi ina tsohon firjin yanzu. Ya ce ya ƙone.

Ban san lokacin da na fara yi masa ihu ba. Na ture masa firjin waje, na ce ya kai wa wancan jakin. Maƙwabcina mai faci ya zo ya riƙe ni. Mai firjin bai yi min komai ba, kullum ana zuwa min da wannan roƙon, dariya nake yi in ƙi. Na rufe shago na sa kwaɗo.

Juma'a, da safe

Na shiga. Na tsaya ta wajen ƙafafunsa na duba farcen da ya yi baƙi. Nas ta ce in matsa kusa in yi masa magana. Na ce, Yaya, ni ne. Na fito.

Asabar, da yamma

Koci ya zo da kankana, kamar akwai mai sha. Ya zauna kusa da ni yana ta zagin waɗanda suka shirya gudun: ruwa ya ƙare a wurare biyu, soson jiƙa jiki babu, da tun asuba aka tashi da ba haka ba. Duk gari abin da ake faɗa ke nan, a rediyo da wurin mai shayi. Mutum biyu sun rasu. Na taya shi zagin, har na fi shi, abin ya yi min daɗi a baki.

Sai ya ce abu ɗaya dai sun yi daidai, sun ɗaga baƙar tuta, kuma ya ji a gindin gada aka fara tare mutane. Ya tambaya muna ina a lokacin, tunda a kan gadar Yaya ya faɗi. Na ce ban lura ba, ya san idona a ƙasa yake. Ya ce haka ne. Sannan ya miƙe ya ce bari ya je kada ya rasa mota.

Lahadi, da hantsi

Wata baƙar leda ta maƙale a wayar katangar asibiti tana kaɗawa. Na ɗauki sanda na cire ta, mai gadi yana kallo na.

Litinin, da azahar

An fara wankin ƙoda. Wata na'ura ce suke turowa gefen gadon, jini ya fita ta wannan bututu ya dawo ta wancan. Na tsaya ina kallon yadda take aiki don ta fi sauƙin kallo. An kuma janye maganin barcin. Likita ta ce yanzu jira ya rage, kuma mu riƙa yi masa magana, mu kawo abin da ya saba da shi.

Nas ta miƙo wa Anti ledar kayansa. Rigar da aka yanka da almakashi, lambar tana manne. Takalmi ƙafa ɗaya. Da igiyar. A tantin sai da mutum biyu suka ɓanɓare yatsunsa kafin ta fita daga hannunsa. Anti ta ce za ta wanke ta.

Umma ta sake tambaya ta. Na ce zafi ne, Umma.

Laraba, da la'asar

Anti ta roƙi nas aka bar mu mu biyu muka shiga. Ta fito da igiyar daga jaka, ta zura masa madauki ɗaya a hannun dama, ta miƙo min ɗayan. Na ce ba na jin zai yi amfani. Ta ce in gwada dai, don girman Allah.

Na fizga sau biyu.

Ya fizga sau biyu.

Anti ta toshe baki ta durƙushe a gefen gadon. Ta ce in sake, na sake, ya amsa. Ta fita da gudu da rigar ledar a jikinta. Ina jin Umma a baranda tana ta hamdala, mutanen da ba su san mu ba suna taya ta. Anti ta buga wa kowa waya tana cewa ya amsa, ya ce lafiya yake, da hannunsa ya faɗa.

Na shiga banɗaki na yi amai.

Alhamis, da safe

Ba zan iya gaya musu ba. A kan gadar ma haka ya yi ta amsawa. Na fizga ya amsa, na fizga ya amsa, ban san sau nawa ba. Igiyar ta ce lafiya, ni kuma na yarda da ita, idona yana kan kwalta ina neman masa wurin sa ƙafa. Sai da ya bangaje ni da kafaɗa na ɗago na dubi fuskarsa. Ba gumi ko ɗigo. Leɓensa fari fat. Yana tambaya ta ko na ɗaure masa keken, keken da aka sayar tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Ko a lokacin na fizga, don wauta, kuma ya amsa.

Na tare likita a matakala na tambaye ta. Ta ce hannu yana iya riƙe abin da ya saba ko mai hannun ba ya nan, ba za ta ɗora komai a kan wannan ba. Abin da take nema shi ne ya ji magana ya yi abin da ya dace da ita, abin da ba sabo ba. Ta ce ta faɗa wa Anti haka, amma ba ta jin ta ji. Ta ƙara da cewa duk kwanan da ya ƙaru bai dawo ba, ba alheri ba ne.

Juma'a, da magariba

Ya amsa. Ya amsa. Kowa ya zo abin da ake gaya masa ke nan.

Asabar, da yamma

Malaman makarantarsu sun zo dubiya, su biyar, riƙe da kafaɗar juna da sandunansu. Shugaban makarantar ya ce sun ji labarin igiya, ɗalibai har sun yi murna a aji. Anti ta ce bari Auta ya shiga ya tambayo muku shi. Na ce ba zan shiga ba. Ta ce haba, mutane sun taso tun daga nesa. Na ce Yaya ba wasan yara ba ne da za a riƙa jan zare yana motsi. Da ƙarfi na faɗa. Malaman suka yi addu'a a gurguje suka tafi, sandunansu suna ƙwanƙwasa matakala.

Na yi zaton Anti za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai da Umma ta tafi alwala ta matso. Ta ce, "Ka ga ban taɓa tambayar ka abin da ya faru a gadar nan ba. Ba mantawa na yi ba. Tsoro nake ji ka gaya min." Ta ajiye min igiyar a cinya ta koma ƙarshen benci.

Lahadi, da hantsi

An yi ruwa da asuba, na farko. Gari ya yi sanyi, mutane suna ta fara'a a titi. Ni haushi ma ya ba ni. Yanzu ya ga damar zuwa.

Bari in rubuta, ko zan iya cin abinci.

Tun kafin mu yi rabin hanya na ga jar tuta. Ban faɗa ba, na dai rage mana gudu na ce akwai cunkoso. Wurin ruwa na gaba teburan wayam, kofuna a ƙasa. Na ba shi ragowar gorar Anti na ce masu ruwan sun matsa gaba. Daga nan aka fara faɗuwa. Wani ƙato a zaune a bakin kwata yana kuka. Wata mata a kwance ana yi mata fifita da kwali. Yaya ya tambaye ni wannan jiniya fa. Na ce manyan gari ne suke wucewa.

Can ya ce, "Direba, me ya sa ƙafafu suka ragu?" Kunnensa ba ya kuskure. Na ce mun wuce su ne, Yaya. Ya yi dariya. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

A gindin gada wani mutum yana tsakiyar titi da baƙar tuta, yana kaɗa ta da hannu biyu, yana ihu. Masu ganga suna gefe suna ta bugu, ba wanda ya gaya musu an fasa, muryarsa ba ta fita. Mutane suka koma tafiya, wasu suka nufi motoci. Na ga gadar, ga ta nan a gabanmu. Na ce a raina in haye da shi kawai, a ɗaya gefen in gaya masa. Na ce hagu kaɗan, Yaya, akwai rami. Babu rami. Na zagaye mutumin ta bayansa.

Da mai ido ne, da ya ga abin da kowa ya gani ya ji tsoro ya tsaya. Shi abin da na ba shi kawai yake da shi. Ina son sa, shi ya sa na yi, kuma wannan bai rage komai ba.

Ko ruwan kogin ban samu na gaya masa yadda yake ba.

Litinin, da azahar

Ban ci ba.

Talata, da la'asar

Likita ta kira ni da Anti ofishinta. Ta ce ƙodar wataƙila ba za ta dawo ba, wanki zai zama na kullum. Wannan mai sauƙi ne. Idan aka kai ƙarshen satin nan bai nuna yana ji ba, za su huda masa maƙogwaro su mayar da shi wani ɗaki, inda ake ajiye waɗanda ba a sa wa rana. Anti ta ce amma ai yana amsa igiya. Likita ta dube ni. Na dubi kalandar bango.

Da na shiga na sa masa madaukin, na sa nawa, ban fizga ba. Na jawo kujera ta wajen kansa. Ya rame, gemunsa ya fito fari sosai, an manna masa bututu da filasta a kumatu. Na ce, Yaya, za mu sake bin hanyar, amma yau duk abin da na gani zan faɗa, in ka ga dama ka yi shekara ba ka kula ni ba.

Na fara daga wurin tashi. Na gaya masa ba kowa ke murmushi ba, mutane tun kafin a tashi suke neman inuwa. Na gaya masa wanda ya ce ya ji yana kiran lambarsa, mai sayar da lemo ne yake kiran ciniki. Mun kai kasuwar kayan gini nas ta ce lokaci ya yi.

Laraba, da yamma

Mun kai wurin jar tuta da teburan da ba ruwa. Hannunsa bai motsa ba. Anti ta tambaye ni me nake ta faɗa masa haka, ta gan ni ta gilashin ƙofa. Na ce hanya.

Alhamis, da hantsi

Likita tana ƙarshen gadon tana duba na'ura lokacin da na shiga. Na so in jira ta fita, sai na ga in na jira ba zan yi ba.

Na sa mana igiyar na ajiye hannuna a kan katifa, sako-sako. Na ce jiniyar nan ba manyan gari ba ne, Yaya, motocin asibiti ne. Na ce ba mu wuce kowa ba, faɗuwa suke yi, ga wani ƙato yana kuka a bakin kwata, ga wata ana yi mata fifita. Na ce, "Mun iso gindin gada. Babu rami. Mutum ne a tsakiyar titi da baƙar tuta. An fasa gudun, Yaya, an ce kowa ya tsaya."

Fuskarsa nake kallo, don haka a hannu na fara ji. Igiyar ta miƙe a hankali, ta ɗaure, ta ci gaba da ja har hannuna ya bar inda yake. Ba fizga ba ce. Ja ɗaya ne mai tsawo, wanda ban taɓa ji ba tunda Anti ta ɗinka ta.

Likita ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambaye ni me wannan yake nufi a wurinmu, na gaya mata, na kuma ce bai taɓa yi ba. Ta sassauta yatsunsa, ta mayar da hannun wurinsa, ta ce in sake faɗa. Na ce baƙar tuta, Yaya, an ce a tsaya. Ya sake ja. Ta ce, "Yana jin ka."

Na ce, na ji, Yaya, mun tsaya.

Likita ta ce in je in kira matarsa. Na san abin da Anti za ta fara tambaya, kuma daga baya na gaya mata, duka, ita da Umma, a kan bencin nan. Har yanzu ba wadda ta ce min komai a cikinsu. Amma a lokacin ban tashi ba, sai nas ce ta je kiran ta. Yaya ya ce a tsaya, kuma bai saki igiyar ba.